Bandeji A Hannun Dama

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau muryata ba za ta ɗagu ba. Abin da zan faɗa muku, tun da ya faru ko madubi ban iya kallo da kyau ba, kuma na san akwai waɗanda za su ce maganina ke nan. Ku faɗa, ba zan musa ba. Amma ku bari in kai ƙarshe tukuna.

Ga wadda yau ta fara leƙo mu: ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har mai gyaran famfo. Sana'ata sabulu. A ɗan ɗakin da ke bayan kicin nake haɗa shi, man kwakwa da man zaitun da soda, in juye a akwatin katako ya daskare, in yanka da siririyar waya, in jera a kanta ya sha iska. Wannan kam hannuna ya iya, ba yabon kai ba. Ko da ido a rufe na san lokacin da haɗin ya yi kaurin da cokali zai bar sawu a kansa. Abin da hannun nan bai iya ba shi ne rubutu. Tun muna makaranta malamarmu take ɗaga littafina sama ta tambayi aji wa ya saki kaji a ciki. Na girma, na yi tsawo, na iya ɗaurin ɗankwali kala-kala, amma rubutun yana nan inda na bar shi.

To, sai ga Mai Tabarau. Goggo, yayar Baba, ita ta laƙaba masa sunan, ya kuwa bi shi. Yana aiki a shagon buga takardu na ƙarshen titinmu, can ciki bayan babban injin, inda yake zana wa mutane tambarin kayansu a kwamfuta. Ranar da na fara zuwa a buga mini takardar naɗe sabulu, ya ɗauki sabulu guda ya shinshina, ya juya tsohuwar takardar da nake amfani da ita. Sannan ya ce sabulun yana faɗin abu ɗaya, takardar tana faɗin wani.

"Waɗannan haruffan na kwalin maganin sauro ne, ƙanwata," ya ce. "Wa zai yarda ya goga a fuska?"

Na ji haushi, na kuma ji dariya, kun san yadda abin yake farawa.

Ya yi mini bayani a tsanake. Wai kayan da aka yi da hannu, rubutun jikinsu ma ya kamata ya zama na hannu, mai saye ya ji kamar mutum ne ya miƙo masa, ba inji ba. Wai yana iya ɗaukar rubutun mutum ya mayar da shi haruffan kwamfuta, yadda duk abin da aka buga zai fito kamar mai hannun ne ya zauna ya rubuta. Ya ba ni farar takarda mai gida-gida, kowane harafi da gidansa, manya da ƙanana, ya ce in cika da baƙin alƙalami, kada in matsa wa kaina, in yi yadda na saba.

Yadda na saba. Hmm.

Na zauna a teburin cin abinci na ɓata takardar, na je wani shagon dabam aka sake fitar mini da kwafi don kada ya gani, na sake ɓatawa. Ina zaune na haɗa tagumi sai ga Yaya ta fito ɗora ruwan zafi. Yaya ita ce babbarmu. Aurenta ya mutu ta dawo gida, tun daga nan ta zama kamar inuwa a cikin gidan, ba ta da hayaniya, ba ta fita, ita ke taya ni naɗe sabulu da ɗaure shi da zaren buhu. Ta leƙa takardar, ta kalle ni, ta danne dariyarta. Na ce mata don Allah ta rufa mini asiri. Kafin ruwan ya tafasa ta gama cika gidajen nan duka. Rubutun Yaya kuwa, ku zo ku gani. Siriri, a ɗan kishingiɗe, wutsiyar kowane harafi kamar an ja ta da zaren siliki.

Na kai masa, na ajiye, na gudo. Ban kai gida ba saƙonsa ya shigo.

"Ashe haka kika iya rubutu kika yi shiru?"

Wallahi na rubuta masa cewa ba ni ba ce, Yaya ce. Na rubuta, ina tsaye a bakin titi, na karanta, sannan na goge. Na tura masa 'yar fuskar nan mai rufe ido da hannu. A raina na ce ai ban yi ƙarya ba, ban ce komai ba. Ku ji fa yadda mutum yake yi wa kansa wayo.

Daga nan abu ya girma ya fi ƙarfina. Ya yi haruffan, ya raɗa musu suna Hannun Auta. Ya zaɓo takarda ruwan ƙasa mai ɗan kaushi, ya sa sunan sabulun a tsakiya, na zuma, na lemun tsami, na na'a-na'a, a ƙasa kuma ya ƙara wani layi na kansa da ya ce kyauta ce ya ba ni: Hannun da ya yi shi, shi ya rubuta. Ranar da aka kawo damin takardun, Yaya ta zaro ɗaya, ta karanta layin, ta shafa shi da babban yatsa. Na tsaya ina jiran ta yi magana. Ta ce ya fito da kyau, ta tambaye ni ina na ajiye almakashi. Tun daga ranar, kowane sabulu da ya fita daga gidan nan ita ta naɗe shi da wannan layin, ta ɗaure, ta jera a kwali.

Za ku ce 'yan gida ba su gane ba? To wa ke ganin rubutun wani a gida yanzu, kowa da wayarsa a hannu? Mama ta ɗauka injin ne ya gyara mini kajina. Baba ya ɗaga takardar nesa da fuskarsa ya karanta, ya ce ashe makarantar ba a banza ba. Goggo kuwa ta cika jakarta da sabulu ta bi gidajen ƙawayenta tana nuna musu hannun 'yar ƙaninta.

Kasuwa ta buɗe, shi ma ya buɗe baki. Ya fara zuwa gida, yana gaishe da su Mama a falo, yana cire takalmi tun daga nesa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne saƙonninsa. Sai ya zauna a kwamfutarsa ya rubuta mini kalaman so da haruffan nan, ya mayar da su hoto ya turo, ya ce ya ari hannuna ne don nasa bai isa ya faɗi abin da ke ransa ba. Ku duba mini wannan. Ina kwance ina karanta cewa ana so na, da rubutun yayata. Wani lokaci ya ce shi rubutu yake fara karantawa kafin fuska, wai mai wannan hannun tana da haƙuri, ba ta gaggawa, tana gama abu kafin ta kama wani. Ni kuwa, mai ƙafar wuta Mama ke kirana. Nakan yi murmushi kawai.

A gida kuwa an riga an gama lissafi. Baba ya ce ya gaji da ganin samari suna zuwa ina korarsu da hujjoji marasa kan gado, wannan na da tsayi, wancan na da surutu. Wannan karon ya ga mutum mai sana'a da natsuwa, kuma ya ba shi izini ya turo manyansa. Mama har ta fara canza labulen falo. Ni ma, kada in ɓoye muku, ina son sa. Shi ya sa kullum nake cewa gobe zan faɗa masa, goben kuma ta zo in ce bari dai a wuce wannan makon.

Jiya da safe ina juya haɗin zuma sai ga saƙo. Wata mai babban kantin kayan kwalliya ta ware wa sabuluna kanta guda, tana son a yi allo a kafa a sama. Siraran haruffan nan ba za su fito daga nesa ba, ana bukatar masu kauri, na buroshi, da lambobi kuma, don takardar farko ba ta da gidajen lambobi. Ya ce zai zo da yamma da kayan aiki, in rubuta a gabansa, don ya daɗe yana marmarin ganin yadda hannun yake tafiya a kan takarda.

Cokalin ya kusa suɓuce mini cikin roba.

Na kulle kaina a ɗaki na ɗauko takardar naɗi ɗaya na yi ta kwaikwayo. Na kishingiɗar da haruffan, suka faɗi. Na ja musu wutsiya, suka zama ƙadangaru. Da na ga ba ci, sai idona ya faɗa kan akwatin magani da ke saman kabad. Shaiɗan bai sha wahala da ni ba ko kaɗan. Na fito da bandeji na fara naɗe hannuna na dama, daga yatsu har wuyan hannu, ina kama bakin da haƙori.

A haka Yaya ta turo ƙofa ta same ni. Ta dubi hannun, ta dubi takardun da na cukuikuye a ƙasa. Ba ta tambaye ni komai ba.

"Kin ɗaure shi kamar ƙunshin gwanjo," ta ce. "Kawo."

Ta warware, ta sake naɗewa tsaf kamar na asibiti, ta soke bakin da fil. Na kasa ɗaga ido in kalle ta.

Na faɗa wa Mama soda ce ta fallatsar mini. Ta rikice, ta yi ta faɗan safar hannun da ta saya mini nake barin ta a rataye. Goggo, wadda ta zo tun rana don ta ji surukin zai zo, ta dage sai an buɗe ta gani ta shafa wani man da ba ta rabuwa da shi. Na ce mai kemis ya hana a buɗe. Ta ce masu kemis na yanzu ko ƙaya ba su iya cirewa ba, amma ta haƙura.

Na sa doguwar rigata ruwan toka mai ɗinkin fure a wuya, wadda ya taɓa cewa tana yi mini kyau, na yafa farin mayafi, na fesa turare da hannu ɗaya. Har na tsaya ina gwada yadda zan riƙe hannun a ƙirji, fuska a ɗan yamutse. Allah Ya yafe mini, na yi kyau a wannan ƙaryar.

Ya zo da jakarsa ta fata. Ya gaishe da Mama, ta koma ciki. Goggo kuwa ta gyara zama a kujerar kusa da taga ta ce ƙafarta ke ciwo, ba inda za ta. Da idonsa ya sauka kan bandejin, sai da ya miƙe tsaye. Ya tambaye ni ko na wanke da ruwa mai yawa nan take, ko fatar ta tashi, ko ya kai ni a duba. Damuwar gaske ce a fuskarsa, ita ce kuma ta fara karya mini gwiwa. Na ce da sauƙi, sai dai kash, rubutun yau ba zai yiwu ba.

Sai ya sauke ajiyar zuciya ya yi murmushi.

"Allah Ya taimake mu ma ba hagun ba ce."

Na ce masa na'am?

Ya riga ya buɗe jaka yana shimfiɗa takarda a kan tebur, yana magana cikin jin daɗi irin na wanda ya daɗe da riƙe wani sirri mai daɗi. Wai tun ranar farko ya san ni bahaguwa ce. Wai da ya ƙara girman takardar a kwamfuta, ya ga duk karan da ke gicciye haruffa daga dama aka ja shi zuwa hagu, tawadar ta taru a ƙarshen hagu. Zagayen haruffa ma ta ɗaya gefen aka juyo su. Ga kuma inda gefen tafin hannu ya bi ta kan ɗanyar tawada ya shafe ta, ya ce ya daɗe yana goge wannan dusu-dusun ɗaya bayan ɗaya, kuma bai taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba. Bai yi mini maganar ba ne don ya lura a gaban mutane da dama nake komai, ya san yadda ake takura wa bahagwai tun suna yara, bai so ya ba ni kunya.

Ya cire murfin alƙalamin buroshin, ya ajiye mini shi daidai hannun haguna.

'Yan uwa, Yaya bahaguwa ce. Duk gidan mun sani. An hana ta ci da hagu, an hana ta miƙa abu da hagu, ta koyi komai da dama, rubutu kaɗai ya ƙi. Na sani sarai. Abin da ban sani ba shi ne takarda tana faɗa.

"Hagu kuma?" in ji Goggo daga bakin taga. "Auta? Ai bahaguwa ɗaya muke da ita a gidan nan, ita ce..."

Ta tsaya. Goggo da ba ta taɓa barin magana a rabi ba. Ta juya ta kalli ƙofa, ni ma na juya. Yaya ce tsaye da faranti, shayi da biskit, ta ji komai. Ta ƙaraso a hankali ta ajiye farantin, kofunan ko motsi ba su yi ba. Sannan ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, ai Auta da duka biyun take yi, sai dai yau jikinta ba daɗi, a bar ta ta huta.

Wannan ce ta gama da ni. Yaya da ko a wasa ba ta ƙarya, ta tsaya a gaban baƙo tana yi saboda ni, bayan duk abin da na riga na karɓe mata.

Na cire fil ɗin. Ban san bandeji na da tsawo haka ba sai jiya. Ina warwarewa yana zuba a cinyata. Hannun ya fito lafiya lau, ko ƙwarzane babu, sai sawun naɗi. Na ɗauki alƙalamin da dama, na rubuta Auta a tsakiyar farar takardarsa. Kajin malamarmu suka fito su huɗu, kowace ta kama gabanta.

"Wannan ne rubutuna," na ce. "Wancan na Yaya ne. Tun farko."

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya mayar. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. A hankali ya ce shi bai taɓa cewa sai mai kyan rubutu zai aura ba. Da na kawo masa wannan tun ranar, da ya san yadda zai yi da shi, don ya ga waɗanda suka fi shi muni sun zama tambari. Abin da ya dame shi, da hannunsa ya rubuta wancan layin, ya buga shi a kan kowane sabulu da ke gari, alhali ba haka ba ne. Sai ya kawar da kai, na san saƙonnin nan ya tuna.

Ya juya wajen Yaya ya ce, "Yaya, ki yafe mini. Na yi ta yawo da hannunki ban nemi izininki ba."

Ta ce ba komai, ta fice da sauri.

Bai sha shayin ba. Ya tattara kayansa, ya yi wa Goggo sallama da ladabi, ni kuma ya ce mini sai an jima, ƙanwata. Rabon da ya kira ni haka tun kafin ya fara zuwa gidanmu.

Abin da ya biyo baya ba sai na ja muku ba. Mama ta yi faɗa har muryarta ta dushe, ta ce na kunyata ta a gaban yaron kirki, kuma ni da bakina zan yi wa Baba bayani in manyan ba su zo ba. Goggo ta naɗe bandejin ta sa a jakarta, ta ce tunda sabo ne kada a yi asara, sannan ta dube ni ta ce ko ƙaryar ma ban san hannun da ake ɗaure mata ba. Ba wanda ya yi dariya sai ita.

Na sami Yaya a ɗakin sabulu tana naɗi kamar ba abin da ya faru. Na durƙusa a gefenta na ce ta zage ni ko na ji sanyi. Ta ƙulla zaren, ta yanke, ta ajiye sabulun a kwali. Ta ce ita ba ta taɓa jin haushina ba. Tun da ta dawo gidan nan ba abin da ya fita ƙofar waje da ya zama nata, sai wannan. Takan tsaya a taga in mai babur ya ɗauki kwalayen, ta ce a ranta ga ta nan za ta shiga gari.

"Da kin ce mini na gode ko sau ɗaya, Auta, da ya ishe ni."

Ban taɓa ce mata ba. Na yi ta lalube a kaina, ban samu ba.

Yau da hantsi saƙonsa ya shigo. Ya gaishe ni, ya tambayi su Mama. Ya ce ya dakatar da buga takardun har sai an cire wancan layin. Mai kantin kuma tana nan tana jiran allonta, kuma mai hannun ce kaɗai ke da ikon ta ce e ko a'a, don haka in ba damuwa in turo masa lambar Yaya.

Na rubuta, "Mu kuma fa?"

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa.

"Ban sani ba tukuna. Ba na so in faɗa miki abin da ba haka ba."

Na zauna a bakin gado da wayar a hannu. Zan iya cewa Yaya ba ta son a ba da lambarta, kuma na san ko an tambaye ta za ta ce haka ne. Har yatsana ya fara. Na goge. Na nemo lambar na tura masa, na kife wayar a kan filo.

Bangon da ke tsakanin ɗakina da na Yaya ba shi da kauri. Ba a jima ba na ji wayarta tana ruri. Na ji ta amsa sallama a ɗarare, na ji ta yi shiru tana sauraro, ta daɗe. Sai kuma na ji dariyarta, 'yar ƙarama, irin wadda ban ji ba tun da ta dawo gida. Daga nan ta tashi ta tura ƙofarta.